Tsakure da Cikakken Matani: Hanyar Samun Muƙalun Binciken Likitoci ta Laburaren Kiwon Lafiya

Wataƙila wanda ya ɗauki wannan takarda zai yi mamaki, ya ce me ya haɗa malamin Hausa da mujallun likitoci. To, abin da ya haɗa su ba ɓoyayye ba ne. Tun sa'ad da J. M. Dalziel, wani likitan gwamnati, ya tara sunayen itatuwa da tsire-tsire na ƙasar Hausa ya buga su a 1916, likitoci da masu binciken lafiya ba su daina rubuta abin da suka ji daga bakin Hausawa ba. Majiyyaci in ya zo asibiti da Hausa ya ke faɗin ciwonsa. Shi zai ce shawara ce, ko sanyi ne ya kama shi, ko jininsa ne ya hau. Wannan magana takan shiga muƙala, muƙalar ta tafi Landan ko Amsterdam a buga ta, mu kuwa masu nazarin harshen ba mu ƙara jin ɗuriyarta. Nufina a nan in bayyana yadda malami zai bi ya kai ga irin wannan muƙala ɗungum, da dalilin da ya sa laburaren kiwon lafiya, watau ɗakin littattafai na kolejin likitoci ko na asibitin koyarwa ko na makarantar horon nas-nas da ungozoma, ya zama ƙofar da ta fi dacewa a bi.

Da farko sai mu rarrabe abu biyu waɗanda ɗalibai, har da wasu malamai, su kan ɗauka ɗaya ne. Kowace muƙalar binciken likitoci tana ɗauke da tsakure a goshinta, watau taƙaitaccen bayani wanda galibi bai wuce kalma 250 ko 300 ba. Bayansa ne cikakken matani ya ke biyowa, kuma bisa al'ada an kasa shi huɗu: gabatarwa, da hanyar da aka bi aka yi binciken, da sakamako, da tattaunawa. Tsakure kyauta ne, kowa na iya karanta shi a intanet. Matanin kuwa sau da yawa a kulle ya ke, sai an biya kuɗi, galibi tsakanin dala 30 da dala 50 a kan muƙala guda. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga ɗalibi ya kawo kundi mai ambaton muƙalu ashirin na likitoci, alhali kuwa ko ɗaya bai karanta ba, tsakure kaɗai ya gani. Na taɓa duba irin wannan kundi a kan sunayen cututtuka. Marubucinsa ya yi ƙoƙari ƙwarai, amma da na tambaye shi wace kalmar Hausa masu binciken suka yi amfani da ita wajen tambayar majiyyata, sai ya yi shiru, domin ba a faɗin haka a tsakure.

Nan ne gizo ke saƙar. Abin da mai nazarin Hausa ya ke nema kusan kullum cikin kashi na biyu ya ke, wajen bayanin hanyar bincike, ko cikin rataye na ƙarshe. A nan a ke faɗin garin da aka yi aikin, da irin mutanen da aka tambaya, ko mutanen birni ne ko na karkara, da wanda ya yi tafinta, da yadda aka juya tambayoyin daga Turanci zuwa Hausa. Misali, a 2011 Adewale Oyeyemi da abokan aikinsa a Maiduguri sun buga muƙala a kan fassarar Hausa ta wata takardar tambayoyi ta duniya da a ke auna yawan motsa jiki da ita. Ƙa'idar irin wannan aiki ita ce a fassara takardar zuwa Hausa, sa'an nan wasu dabam su mayar da ita Turanci ba tare da sun ga ta asali ba, sai masana su zauna su gwada biyun su ga inda ma'ana ta kauce. Wannan kuwa aikin ilmin harshe ne tsantsa, ko da ya ke a mujallar likitoci ya fito. Wanda ya tsaya ga tsakure adadi kawai zai gani.

Ba mai nazarin harshe kaɗai abin ya shafa ba. Malamin kolejin horon malamai wanda ke koyar da kiwon lafiya, ko wanda aka ba aikin rubuta littafin firamare ko shirin rediyo, abin da ya faɗa shi ɗalibansa za su kai ƙauyuka su faɗa wa iyaye. Bari in kawo misali ɗaya mu tsaya a kansa, don ya fi dogon bayani amfani.

Kowane Bahaushe ya san wankan jego da kunun kanwa. A 1978 likitoci biyu, N. M. Davidson da E. H. O. Parry, suka buga sakamakon binciken da suka yi a Zariya a kan mata 224 waɗanda zuciyarsu ta raunana a kusa da lokacin haihuwa. Sun lura cutar ta yi yawa a wannan yanki, suka danganta yawanta da al'adun jego: wanka da ruwa mai tsananin zafi safe da yamma har kwana arba'in ko fiye, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, da yawan shan kunun kanwa. Hujjarsu ita ce kanwa tana ɗauke da gishiri mai yawa wanda ke tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Wannan bayani ya shiga littattafan likitoci na duniya, aka yi shekaru ana maimaita shi. Amma a 2020 Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka buga sakamakon wani bincike da ya haɗa asibitoci da yawa na Nijeriya, a kan mata fiye da 400 masu wannan ciwo. Suka ga lalle yawancin matan suna wankan jego, da yawa kuma suna shan kunun kanwa, amma da aka auna da sauran dalilai, ba a sami tabbatacciyar alaƙa tsakanin waɗannan al'adu da cutar ba. Abubuwan da suka fi fitowa fili su ne rama, da rashin karatun zamani, da rashin aikin yi, da hawan jini na masu ciki.

To, wanne malami zai koyar? Ba zai iya yanke hukunci da tsakure biyu a hannu ba. Sai ya karanta ya ga yadda kowane ɓangare ya tabbatar da cutar, domin na'urar ɗaukar hoton zuciya da a ke dogara da ita yanzu ba ta wadata ba a zamanin binciken farko, kuma mai yiwuwa ne ba ciwo iri ɗaya tak ba ne aka ƙidaya a wuraren biyu. Sai ya ga kuma ko jegon da a ke yi a Zariya shekara hamsin da suka wuce shi ne a ke yi yau. A ganina malamin da ya karanta duka biyu ba zai tsaya gaban aji ya ce kanwa ce ke kashe masu jego ba, ba kuma zai ce ba ta da laifi ko kaɗan ba. Zai faɗi abin da aka gani a da, da abin da aka gani daga baya, ya kuma ƙarfafa wa mai jegon da ta ga kumburi ko numfashinta na sarƙewa ta je asibiti.

Akwai wani abin lura a wannan misali wanda ya shafe mu kai tsaye. Turawa sun daɗe suna fassara kanwa da kalmar potash, ƙamusoshinmu ma haka suka yi. Ita kuwa wannan kalma asalinta gishirin toka ta ke nufi, mai sinadarin fotasiyam, alhali kanwa sinadarin sodiyam ne ya fi yawa a cikinta, kuma a kan sodiyam ɗin ne hujjar likitocin Zariya ta tsaya. Wasu masu binciken sun guje wa kalmar, suka kira kanwa da abin da za a iya fassarawa busasshen gishirin tafki. Watau abu ɗaya ya sami suna uku cikin rubutun likitoci, kuma wanda ya nemi ɗaya zai rasa sauran.

Wannan ya kawo mu ga fihirisa, watau inda a ke fara neman muƙala. Tarihin abin ya faro ne daga Amurka, inda John Shaw Billings, likitan soja, ya fara buga Index Medicus a 1879, jerin muƙalun likitoci na duniya wata-wata. Aka mayar da aikin kan kwamfuta a 1964, aka buɗe MEDLINE a 1971, sa'an nan a 1997 Babban Laburaren Likitanci na Amurka ya sake shi kyauta ga kowa da sunan PubMed. An daina buga na takarda a 2004. Yanzu PubMed yana ɗauke da bayanin muƙalu fiye da miliyan 35. Amma fa a gane, fihirisa ne, ba rumbun matani ba. In ka rubuta kalma ka nema, abin da ya ke dubawa shi ne kan muƙala, da tsakurenta, da kalmomin fannu waɗanda masu fihirisar suka liƙa mata da Turanci. Ba ya leƙa cikin matani, inda kalmomin Hausa su ke. Bugu da ƙari, muƙalun da suka gabaci 1975 yawancinsu ko tsakure ba su da shi a can, kai kawai da sunan marubuci.

Saboda haka mai neman kalmar Hausa sai ya haɗa da wuraren da ke bincika matani gaba ɗaya, kamar PubMed Central da Europe PMC da Google Scholar. Ya kuma tuna likitoci ba su san ƙa'idojin rubutunmu ba, ko sun sani maɗaba'a ba ta kula ba. Baƙaƙe masu lanƙwasa ba su tsira a mujallunsu, saboda haka sanƙarau da ƙyanda da zazzaɓi sai a neme su da k da b na Turanci. Shan inna a kan same ta a haɗe, ko a rabe, ko da ɗan layi a tsakani. Yankan gishiri kuwa ya shiga Turancin likitoci rabi da rabi, sun riƙe gishiri sun fassara yanka. Wanda ya tara waɗannan siffofi duka, da shekarar da kowace ta fara bayyana, ya sami abin rubuta muƙala tasa ta kansa a kan aron kalmomi daga Hausa zuwa Turanci, abin da ba mu cika dubawa ba, tun da ya ke hankalinmu ya fi karkata ga aron da Hausa ta yi.

Idan an sami muƙalar a fihirisa, sai a kwafe bayaninta cikakke: marubuci, da kai, da sunan mujalla, da shekara, da juzu'i, da shafi, da lambar nan ta musamman da a ke kira DOI in tana da ita. Da wannan ne za a shiga neman matani.

Abu na farko shi ne a duba ko ƙofar a buɗe ta ke tun asali. Tun da aka kafa PubMed Central a 2000, aka kuma yi sanarwar Budapest a 2002 wadda ta yi kira da a saki sakamakon bincike kyauta, muƙalun da ba a biya sun yawaita ƙwarai. Hukumar binciken lafiya ta Amurka ta wajabta a 2008 cewa duk aikin da aka yi da kuɗinta a ajiye matanin a PubMed Central cikin wata goma sha biyu, a 2025 kuma ta soke jinkirin. Muƙalar Maiduguri da ta 2020 da na ambata duka a buɗe su ke. Haka kuma rahoton babban binciken zazzaɓin sauro da aka yi a Garki, wadda yanzu ke cikin Jihar Jigawa, daga 1969 zuwa 1976, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga a 1980, yana nan kyauta a ma'ajiyar hukumar. Mujallun Afirka kuwa, waɗanda da yawansu ba su shiga PubMed ba, sai a neme su a AJOL, wanda aka fara a 1998, da African Index Medicus na ofishin hukumar mai kula da Afirka. Kada a raina su. Sau da yawa a cikinsu ne likita Bahaushe ke rubuta kalmar daidai, ya kuma bayyana ta.

In ƙofar a kulle ta ke, nan ne laburaren kiwon lafiya ke shigowa. A watan Janairu na 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya, tare da manyan kamfanonin buga mujallu shida, ta buɗe wani shiri mai suna Hinari da mujallu kimanin 1,500, domin ƙasashe marasa ƙarfi su sami karantawa. Daga baya aka yi irinsa don aikin gona a 2003, da muhalli a 2006, da ƙere-ƙere a 2009, da shari'a a 2018, aka tara su duka ƙarƙashin suna ɗaya, Research4Life. An kasa ƙasashe rukuni biyu. Na farko kyauta ne, kuma ƙasashen da Majalisar Ɗinkin Duniya ta lissafa cikin mafiya talauci, irin su Nijar da Cadi, a nan su ke. Na biyu kuwa kowace ma'aikata tana biyan dala 1,500 a shekara. A kan sake duba rukunin kowace ƙasa lokaci-lokaci. Ba mutum ɗaya ke yin rajista ba, ma'aikata ce: jami'a, ko asibitin koyarwa, ko makarantar horon ma'aikatan lafiya, ko cibiyar bincike. Ita a ke ba sunan shiga da kalmar sirri, kuma galibi a hannun mai kula da laburare su ke. Abin da malamai da yawa na sashen harsuna ba su sani ba shi ne, in jami'a ta yi rajista, izinin ya game ma'aikatanta da ɗalibanta duka, ba likitoci kaɗai ba. Malamin Hausa yana da haƙƙi daidai da malamin tiyata.

Shirin yana da sharuɗɗa, kuma ya kamata a kiyaye su. Ba a ba wanda ba ɗan ma'aikata ba kalmar sirri, ba a liƙa ta a intanet, ba a kwashe mujalla sukutum, ba a kuma sayar da abin da aka sauke. Ma'aikatar da aka kama tana iya rasa izininta, laifin mutum ɗaya ya shafi dubbai. Yana kuma da rauni wanda bai kamata a ɓoye ba: kyauta ce, ba haƙƙi ba, kowane kamfani shi ke zaɓen ƙasashen da zai buɗe wa mujallunsa. A farkon 2011 wasu kamfanoni suka janye mujallu kimanin 2,500 daga Bangaladash, sai da aka yi ta ƙorafi a mujallun likitoci kafin wasu su mayar. Saboda haka in ka shiga ka tarar wata mujalla ta ƙi buɗuwa, ba lalle ne kuskurenka ba ne. Amma kafin ka fid da rai, ka tabbata ta ƙofar Hinari ka shiga shafin kamfanin, domin wanda ya tafi kai tsaye daga waje baƙo a ke ɗaukarsa, a nemi kuɗi. Wannan kuskure shi ya fi kowane yawa ga sababbin shiga.

Ba zan ɓoye ra'ayina a nan ba. Abin takaici ne a ce jinin da aka ɗiba a Zariya ko Malumfashi, da maganar da tsohuwa ta yi wa mai bincike a zaurenta, jikanta sai ya nemi alfarma kafin ya karanta abin da aka rubuta a kansu. Na san wannan takaici ne ke kai mutane ga Sci-Hub, shafin da Alexandra Elbakyan ta kafa a 2011, wanda ke raba muƙalu ba da izinin masu su ba, kuma kotuna a ƙasashe da dama suka hukunta. Ba na ba da shawarar a bi shi, ko don kada malami ya koya wa ɗalibi abin da ba zai iya karewa a gaban hukumar makaranta ba. Ga shi kuma akwai halaltattun hanyoyi da ba a ƙure ba.

Ɗaya daga cikinsu ita ce kanta, watau littattafan takarda da ke jere a laburaren. Mun saba ɗauka duk abin da ba ya intanet babu shi, alhali tsofaffin mujallu na yankinmu, irin su West African Medical Journal wadda aka fara a 1927, sau da yawa sai a ɗaure cikin juzu'i a ke samunsu. Haka nan kundayen da likitoci ke rubutawa don neman ƙwarewa, waɗanda ba a taɓa bugawa ba, galibi da takardar tambayoyinsu ta Hausa a rataye a baya. A wurina wannan shi ne taskar da ta fi kowace daraja ga mai nazarin kalmomin lafiya, kuma ƙura da gara ne kaɗai ke ziyartarta. Babban aikin Kelsey Harrison a kan haihuwa 22,774 a Zariya, wanda ya fito a 1985 a matsayin ƙari na musamman ga wata mujallar likitocin mata ta Ingila, ya cancanci a tambaya ko akwai shi a kanta kafin a nemi na intanet. In laburaren ba shi da abin da a ke nema, ma'aikacinsa yana iya roƙon takwaransa na wata makaranta ya ɗauki hoton shafukan ya aiko. Hanya ta ƙarshe ita ce a rubuta wa marubucin. A kan sa adireshin ɗaya daga cikin marubuta a shafin farko, kuma bisa ga abin da na gani, wasiƙa gajeriya mai ladabi, wadda ta faɗi kan muƙalar da dalilin nema, ba kasafai ta ke komowa hannu banza ba. Wani ma murna zai yi da jin mai harshen ya kula da aikinsa, har ya haɗo maka da takardar tambayoyin.

Kada kuma a tsaya ga mujallun asibiti zalla. Muƙalar Murray Last ta 1981 a kan yadda mutanen Malumfashi ke neman magani, da ta Nina Etkin da Paul Ross ta 1982 a kan abinci da magani a wurin Hausawa, duka a mujallar Social Science and Medicine suka fito, wadda ta laburaren kiwon lafiya ta fi saurin samuwa. Littafin Lewis Wall na 1988 a kan magungunan Hausawa shi ma likita ne kuma masanin al'adu ya rubuta shi.

Saura abu ɗaya da matani ke nunawa wanda kwafe-kwafe ke ɓoyewa, shi ne janyewa. A 1998 mujallar Lancet ta buga muƙalar Andrew Wakefield a kan yara 12, wadda ta jefa shakka a kan allurar rigakafin ƙyanda. A 2010 mujallar ta janye ta ɗungum. Wanda ya buɗe ta a shafin mujallar zai tarar an buga mata hatimin janyewa a kowane shafi, amma wanda aka tura wa gutsurenta a waya ba zai ga kome ba. Mu da muka ga abin da ya faru a 2003, sa'ad da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano har zuwa tsakiyar 2004, ba ma bukatar a gaya mana nauyin wannan. Don haka ko an sami matanin ta hannun aboki, a koma PubMed a duba sunan muƙalar, domin a can a kan sa alamar janyewa ko gyara a saman bayaninta.

Mai zuwa laburaren kiwon lafiya karo na farko ya tafi da katin shaidarsa na aiki, in daga wata koleji ya ke kuma ya riƙe takardar gabatarwa daga shugaban sashensa. Ya rubuta muƙalun da ya ke so a jere, da cikakken bayaninsu, kada ya ce wa ma'aikacin yana neman wani abu a kan shawara, domin sai a tambaye shi wacce: ta jarirai, ko ciwon hanta, ko zazzaɓin shawara da sauro ke kawowa, ko wadda ke biyo fashewar ƙwayoyin jini ga masu sikila. Kowace da sunanta dabam a fihirisa, Hausa ce ta tara su a kalma ɗaya saboda ido ya yi ɗorawa a dukkansu. In ya iya faɗa wa ma'aikacin alamun ciwon kamar yadda Bahaushe ke kwatanta su, shi kuma ma'aikacin ya nemo masa kalmar da masu fihirisa suka sa, to, cikin sa'a guda sai su gama abin da zai ci masa mako shi kaɗai.